Bangon Ɗakin Inna da Tokar Ƙaiƙayi

Rigasa, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Hauwa'u da yara. Allah Ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan, Ya sa albarka a zamanku na Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Na'ima ta yaye ɗanta, Inna kuma sai ciwon gwiwa irin na tsufa.

Na ɗauki alƙalami ne don in yi maka godiya a kan 'yarka Rashida. Ka san bangon ɗakin Inna da ke jikin kwata, wanda damshi ke ci duk damina. Ruwan farko na bana ya zubar da gindinsa, Allah Ya kiyaye tana tsakar gida tana alwala. Na mayar da ita ɗakina, amma sai ta daina cin abincin kirki. Ta ce a wancan ɗakin nata Baba ya ajiye ta tana amarya, ba ta son ajali ya same ta a wani. Balarabe magini kuwa ya ce ko an sake zuba siminti, ruwan kwatar nan zai sake cinye shi.

Ana haka Rashida ta zo daga makaranta. Ta ce binciken da take yi a kan wani kankare ne da ba a sa masa siminti, su suna ce masa jiyofolima, kuma ya fi jure irin wannan ruwan. Da izinin malaminta ta kwaso ƙaiƙayin shinkafa da ake zubarwa a wani inji a Rigachikun, aka ƙona shi ya zama toka, aka haɗa da gasasshiyar farar ƙasa da yashi da tsakuwa, aka kwaɓa da wani ruwan sinadari mai cin hannu kamar sodar sabulu. Ta ce haɗa shi bai kai siminti tura hayaƙi sama ba, ga shara ta zama abin amfani. Ba zan ɓoye maka ba, na yi shakka, don rayuwar Inna ce a ƙarƙashin bangon. Da Rashida ta lura, sai ta fara zuba bulo na gwaji, ta bari ya bushe, ta miƙa wa Balarabe guduma. Ya buga har ya yi gumi kafin gefensa ya ɓantare. Gani ya kori ji, shi da kansa ya nemi safar hannu suka kama aiki tare har suka gama bangon.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta tumbatsa. Da aka ɗauke, Inna ta shafa bangon daga ciki ta ji shi a bushe. Ta ce in kawo mata tuwo, ta cinye tas. Sannan ta sa aka sauko da fantekar aurenta ta ba Rashida, ta ce daga yau ta daina tambayar yaushe wannan karatu zai ƙare.

Yaya, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya wa yarinyar nan. Ka gaida Anti Hauwa'u da yara, Uwani da A'isha. Inna na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Safiyya