Waƙar da Ta Rage a Bakin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Makon jiya na je Roni sunan jaririyar Sa'ade, autarki. Na tarar da mata a gindin turmi suna rera waƙarki ta daka, yawancinsu ba su ma san mai ita ba. Tun a mota nake jin sai na rubuto miki.

Ban taɓa ganin kin zauna takanas don tsara waƙa ba. Kina ɓarar gyaɗa ko tankaɗe take zuwar miki. Kin sha cewa, "Waƙa zabuwa ce, in ka bi ta sai ta tashi. Watsa tsaba ka kau da kai."

Sai ciwon nan ya shanye miki ɓarin dama, magana ta ɗauke. A asibitin Kazaure kina son ruwa, kalmar ta ƙi fita, sai hawaye. Mu ma mun fara fid da rai da sake jin muryarki.

Wata safiya ina shafa miki mai a hannu ina rera waƙar dakan nan a hankali, sai na ji kin karɓi amshi, kalmomi tiryan-tiryan. Likita ya ce mana magana ta fi jingina da ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, inda ciwon ya taɓa, waƙa kuwa tana da wasu hanyoyin a ɗaya ɓangaren. Ya ce kada mu sa rai da yawa, tsofaffin waƙoƙi ne suka fi dawowa.

Ke kuwa da muka koma gida sabbi kika shiga ƙerawa, da ƙyar, layi ɗaya a wuni. Da waƙa kike neman koko. Da waƙa kika yi wa Baba faɗa kan akuyar da ya bari ta ci shanyar kuɓewa, har ya rasa inda zai sa kansa don dariya.

Ni ce 'yar fari, kunya ba ta taɓa barin ki kama sunana ba, kullum "ke wannan". Ranar da zan koma Babura kika riƙe mayafina da hannun hagu, kika rera: "Hadiza ta goya ni, goyon da na yi mata." Sai kika ja zane kika rufe fuska. Ban sake samunki da rai ba, Inna. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sada mu a Aljanna Firdausi.

'Yarki,
Hadiza