Tsakar Rana a Gungun Kirya

Yelwa, Afrilu 1968

Zuwa ga yayata Hansatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdullahi da yara. Bayan haka, faɗanki ya iso, wai ina littafin garinmu da na daɗe ina cika baki zan rubuta. Yaya, ki yi mini adalci. Aikin tafinta a ofishin tashin garuruwa ba ya barin mutum da bakin kansa. Tun safe ina cikin jirgin ruwa, tsibiri-tsibiri, daga wannan gungu zuwa wancan, ina juya Turanci zuwa Hausa, Hausa zuwa Gungancinmu, ina gaya wa tsofaffi ruwan dam ɗin Kainji zai hau kan albasarsu da kaburburan iyayensu. Kafin in dawo masauki kaina ya zama fanko, ina ɗaukar alƙalami barci zai sace ni.

Amma albishirinki, na sami lokaci. Masu awon ruwa sun mai da Gungun Kirya zangonsu, tun da an kwashe mutanenmu babu kowa. In rana ta take tsaka sai Mati direban jirgi ya ɗaure a tsohuwar mashayarmu, su ci abinci su miƙe ƙafa, ni kuwa in hau gari in zauna a ɗakin marigayiya Inna. An cire jinka, amma bango na nan, har da baƙin hayaƙin murhunta. Can nake rubutu, kuma wallahi zuba yake yi, ban taɓa ganin haka ba. Ga 'yan shafuka na haɗo miki.

Haza wasalam. Ƙanenki,
Yusha'u

Wara, Mayu 1968

Malam Tafinta, autan Inna,

Ina gaishe ka da aiki. Muna lafiya, in ban da ɗakunan siminti da aka zuba mu ciki, masu zafi kamar tanda. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, tonon kaza ya fi shi kyau.

Na karanta, na yi dariya, na yi kuka. Ashe bakin nan naka ba na cin tuwo ba ne kaɗai. Amma tsaya. Wa ya ba ka labarin ranar da Inna ta kife da kwalekwale, ita da kwandon albasa, tana amarya? Ba a haife ka ba, ni ma ba a haife ni ba. Ni kaɗai ta faɗa wa, tana jinyar ajali, ta ce in rufa mata asiri. Kuma wace irin dabara ce wagga, duk lokutan Allah ka rasa na zama a kango sai tsakar rana? Ko yaron goye ya san ba mu kaɗai ke yawo a lokacin nan ba. Ka nemi wani lokaci, ko da asuba ce. Raina bai kwanta ba.

Allah shi tsare. Yayarka,
Hansatu

Yelwa, Yuli 1968

Yaya Hansatu,

Bayan gaisuwa da ban girma, asubar da kike magana ta ofis ce, da duku-duku jirgi ke tashi. Tsakar ranar nan ita kaɗai ce tawa a duniya, kada ki ƙwace mini.

Tun da kin tambaya, zan faɗa miki, amma kada ki tayar da hankalinki. Da farko daka nake ji ta bayan bango. Sai ƙanshin kifin banda ya biyo baya. Daga nan sai hira, da Gunganci irin na da, wanda ko tsofaffinmu sun daina yi. Mata na wanke-wanke, maza na gardama kan jigon ban ruwa, ana kiran sunayen da na sha ji a bakin kaka. Ba na leƙawa. Abin da na ji shi nake rubutawa, a nan na tsinci labarin kwalekwalen, kuma Inna da kanta ke ba da shi tana dariya.

Wani abin kuma, inuwar bango ba ta matsawa. Ina rubutu har yatsuna su sage, in cika takardun da za su ci mini mako, in na gangara mashaya sai in tarar Mati bai gama wanke hannu ba. Mutumin da ya yi shekaru yana roƙon Allah lokaci, ya za a yi ya ƙi wannan? Wanzamina dai yana ta tsokanata wai furfura ta yi mini sammako, kuma wandona ya fara yi mini yawa. Gajiya ce kawai.

Ba sa kula ni, sai ita. In Mati ya busa usur na miƙe ina tattara takardu, sai in ji ta ce, "Auta, har za ka?" Ni kuwa in ce, "Ina zuwa, Inna," kamar yadda na saba tun ina yaro. Yaya, ban san na yi kewar muryar nan haka ba.

An ce wata mai zuwa za a rufe ƙofofin dam. Dole in gama kafin ruwa ya iso ɗakin.

Naki,
Yusha'u

Wara, Agusta 1968

Yusha'u,

Ban da lokacin doguwar gaisuwa. Inna lillahi! Kai da ke cin abinci da fassara magana, ba ka san abin da bakinka ya faɗa ba?

Ranar da aka tashi garinmu, dattawa sun tara mu a bakin maƙabarta, babba da yaro kowa ya ce, "Mun bar ku da Allah," muka juya, ba wanda ya waiga. Haka kakanninmu ke yi in za a bar wuri har abada, don na ƙasa su san an tafi, su daina jira. Kai kaɗai ne ba ka faɗa ba, kana can mashaya kana yi wa Bature tafinta. Yanzu kuma kullum kana ce mata kana zuwa. Mai rai ake ce wa ina zuwa, wanda zai rufe maka tuwo ya zauna jiranka. Kuma ka san Inna sarai, ba ta taɓa sa loma a baki ba in autanta bai shigo ba.

Lokacin da kake murna ka samu, daga ina kake zaton ana ɗebo shi? Dubi kanka a madubi.

Na janye gorin da na yi ma, ni na jawo, Allah shi yafe mini. Ka bar littafin. Malam Abdullahi zai taho Yelwa ranar kasuwa, ku je tare da hantsi, ka tsaya daga ƙofa ka sallame su, ka juyo. Don Allah, don darajar nonon da muka sha. Kai kaɗai ka rage mini.

Hansatu

Yelwa, Satumba 1968

Zuwa ga Malama Hansatu, matar Malam Abdullahi,

Sallama da gaisuwa. Ni ne Mati direban jirgi, mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ke rubuta mini. Maigidanki ya faɗa miki abin da ya tarar, to ga abin da na gani da idona.

Takardarki ta sami Yusha'u, a gabana ya karanta. Ya ce babi ɗaya ya rage. A lokacin, ruwa ya riga ya cinye mashaya, masu awo sun daina tsayawa can. Ana gobe maigidanki zai iso, Yusha'u ya ajiye aiki, ya ari kwalekwale. Da na ji, na bi shi. Na tarar ruwa ya kai rabin bangaye, kwalekwalen a ɗaure da kyau a jikin rimin gari, takalmansa a jere a ciki. Na yi kira har muryata ta dushe. Ba zan yi miki ƙarya ba, da na kashe inji na ji ana daka a ƙarƙashina. Masunta sun yi kwanaki suna nema, ba a ga komai ba.

Jiya na bi ta wurin. Ba sauran gari, sai kan rimin. Na hango takarda a maƙale a reshe, a bushe ƙamas, ga shi an kwana ana ruwa. Wanda ya iya karatu ya ce sunanki ne a bayanta. Ban buɗe ba, ga ta nan. Allah ya ba ku haƙuri.

Mati

Gungun Kirya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kada ki damu, ina lafiya. Nan ba usur, ba ofis, rana tana nan tsaka inda take. Babin ya fi yadda na zata tsawo, kowa na son a sa nasa labarin. Na ci tuwo. Inna ta rufe wani a ƙwarya ta ajiye gefe, ta ce naki ne. Tana tambaya yaushe za ki shigo. Me zan ce mata?

Ƙanenki,
Yusha'u

Wara, Oktoba 1968

Autan Inna,

Na roƙi Mati ya maƙala wagga a reshen, kada ya ce uffan, kada ya waiga.

Ka gaishe ta. Ka ce mata ta ci abincinta, ta ba wani nawa. Ina da ɗiya ƙanana, ga gero bai shigo gida ba. Na bar ku da Allah, ke da shi, Inna.

Yusha'u, duk duniya ba abin da nake so kamar in ga rubutun hannunka. Kada ka sake rubuto mini.

Yayarka,
Hansatu