Ƙarfen da Zai Tare Mini Nauyi

Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna da su Nafisa da mutanen Kambarawa? Ni lafiya lau nake a Turai, in ban da bayana da ɗaga tsofaffi a wurin aiki ya ɗan taɓa. Likita ta ce in riƙa ɗaga ƙarfe a gida, in ba haka ba aikin zai gagare ni. Ka ji fa, digiri biyu, an ƙare a ƴar dambe.

Na sayi rumfar ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake ɗora sandar nauyi a kanta. Mafi araha na zaɓa, amma mai hannaye a gefe da ke tare sandar idan ta fi ƙarfina, tunda ba kowa a ɗakin.

Wani lokaci nakan lumshe ido in ganta a tsakar gidanmu, Inna ta shanya zannuwa a kai, iska na kaɗa su, tana cewa, "Ramlatu, sauke, tuwo zai huce."

Kada ka yi mata zancen bayan. Ka ce ina ƙiba. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka,
Ramla