Na Ɓoye Gwangwanin Sukari, Malam Ya Daina Tsokanata

Mai Filin Shawara, don Allah ka agaje ni, kuma ka yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci.

Ni ke yi wa mutanen Badafi alkaki da nakiyar gara. Maigidana Malam Mudi taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna, shi ne kuma mai ɗanɗana mini duk abin da na sauke. Da ƙanensa ya dawo daga soja ya koya masa shayi, sai abu ya haɗu. Daga masallacin asuba, ciki wayam, ya zuba sukari sai cokali ya tsaya, ga alkaki a gefe. Ni kuwa ina kiransa ƙudan zuma, ina ƙara masa. Kaico!

Bara ƙishirwa ta dame shi, ga yawan fitsari, har kiyashi na taruwa a wurin. Malamin asibitin Tudun Wada ya ce ciwon sukari ne. Ran nan na jefa gwangwanin sukari a rumbu, na hana shi duk wani zaƙi. To, ka san in gara ta iso gidan ango ba a hana mai zuwa barka. Yanzu duk inda aka kai aikina, Malam ne kan gaba, har angwayen Kiru da bai san iyayensu ba. Ya dawo gemu na maiƙo, ya zube a tabarma. Ido ya fara dushewa, Alƙur'ani sai ya kai shi hanci. Ga shi ya daina ce mini mai ƙonannen tuwo. Gidan ya yi tsit, jikoki ma sun lura.

Kakar Furera, Badafi

Iya, kin yi daidai da kika tsorata, amma hanin da kika yi gaba ɗaya ya tura shi inda ba mai auna masa. Shi ma Malam ba yaro ba ne, ya san abin da yake yi wa idonsa.

Mayar masa da shayinsa, amma sai ya karya da ɗumamen tuwo ko wake. Ki sa citta da kanumfari, sukari ɗan kaɗan, kina ragewa a hankali. In kwaɗayi ya motsa, ga gyaɗa, ga kwaɗon zogale. Alkaki kuwa, in malamin asibiti ya yarda, gutsure kamar kan yatsa ran Juma'a, bayan ya ƙoshi, sa'an nan ya taka zuwa gona. Batun ido kada ya jira kaka, ku koma asibiti makon nan.

Masu gara, ki gaya musu gaskiya, ba za su ƙi ki ba. Tsokana kuma ke za ki fara, tunda ke kika fara ɗaure fuska. Allah ya ba Malam lafiya, ya sake kushe tuwonki.