Na Kwashe Wayoyin Daga Hanyarki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai kashe ƙishi, uwar 'ya'yana kuma rabin raina,

Gaisuwa daga mijinki, mai gyaran wutar unguwa kaf, wanda gidansa kaɗai ya gagare shi. Yaya ƙafar? Yau kwana arba'in da ɗaya kina gidan Yaya, wanki, da filasta har gwiwa, ni kuwa ina nan ina zagaye ɗakuna kamar kazar da ta rasa inda za ta saka ƙwai. Wayyo ni! Fanka na juyawa amma iskarta ba ta da daɗi. Wa zai ce mini Injiniya da wannan muryar taki mai rabin yabo rabin tsiya?

Kin tuna ranar da muka tare a gidan nan? Soket ɗaya tal muka tarar a falo. Na jawo waya daga can har bakin taga don ki ji rediyo kina ɗinki, kina riƙe da ɗaya bakin kina dariya, hasken hantsi a kumatunki. Kika ce in ɗauke ta daga ƙasa kada wani ya harɗe. Na ce gobe. Masoyiyata, goben nan shekararta goma sha tara! A kanta na jona ta talabijin, na jona ta firji, ta dutsen guga, ta keken ɗinkinki, cajar yara har huɗu, duk na naɗe da salatif, har bayan kujera ya koma sheƙar ɓera. Ni da nake jera wa mutane wayoyi a bango kamar da rula, su biya ni su bi ni da godiya!

Wayar fankata ce ta kayar da ke. Na sani, kin sani. Amma a asibiti kika dubi Yaya kika ce santsin ruwa ne, shi kuma ya dafa kafaɗata yana sa mini albarka don na kawo ki da wuri. Wace irin mace ce ke, ƙashinki a karye kina rufa wa sakarai asiri? Albarkar nan ta hana ni sakat. Makon jiya na je na gaya masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi ba za ki dawo ba sai ya ga gidan da idonsa, kuma ko ya gani, sai in ke kika ce kina so.

Sai na tashi haiƙan, ya farin watana. Na rufe shago kwana uku. Na kwashe komai daga ƙasa, na bi da su ta saman ƙofa, na tura soket bayan kabad, na danne da katako, na buga ƙusa. Ko ɗan yatsan waya ba ka gani. Na tsaya tsakiyar falo ina jinjina wa kaina. Da Autarku ta zo ɗaukar miki kaya, na zagaya da ita ina jiran yabo. Sai ta jawo kujerar ɗinkinki, ta ce in zauna, in miƙe ƙafa ɗaya kamar mai filasta, in jona keke. Na miƙa hannu, ban kai ba. Ta ce to in cire filogin dutsen guga. Yana bayan kabad ɗin da sai ƙarti biyu ke turawa. Ta ce, "Yaya Injiniya, wato duk sanda za ta yi caji sai ta aika a kira ka daga shago?" Kunya ta rufe ni. Ashe daidai tsawona na yi aikin, na manta gidan naki ne.

Na ɓaɓɓake duka na sake. Yanzu wayoyin suna cikin siririn bututun roba da ya bi gindin bango, murfinsa da yatsa ake ɓallewa, ba ƙusa ba gam. Soket uku suna daidai hannunki in kina zaune: ɗaya gefen keke, ɗaya bakin gado, ɗaya kusa da taga. Kowane filogi na ɗaura masa ƙyalle daga ragowar ɗinkinki, ja na firji, kore na fanka, don kada ki cire wani a madadin wani. Sau bakwai na gwada da sandar tsintsiya a hammata, ina ɗingishi daga ɗaki zuwa kicin, yara na leƙe suna shaƙewa da dariya.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba, ya furen zuciyata. Wata magana Auta ta yar mini a bakin ƙofa. Na ce mata na yi kewar tafiyarki a falon nan, kanki a sunkuye, a hankali, don ni duk shekarun nan ina yi wa abokaina alfahari da matata mai kunya, wadda har yau ba ta iya haɗa ido da ni. Auta ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kunyar me? A gidanmu kanta a sama yake. Wayoyinka take dubawa."

Shekara goma sha tara kina lissafin inda za ki sa ƙafa a cikin gidanki, ni kuma ina washe baki ina cewa ladabi ne! Ki yafe mini. Yaya zai zo ranar Asabar, ban damu da abin da zai gani ba, amsarki nake tsoro. In kin ce a'a, ba ni da bakin gardama. In kuwa kin yarda, abu ɗaya nake roƙo: ki shigo kanki a sama, ki dube ni ido cikin ido, ko da harara ce.

Naki, yau da gobe da duk kwanakin da suka rage mini,
Mijinki mai jira.