Murhun da Ka Sa Muka Rushe

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya tsare ku a inda kuke. Mu ma nan alhamdulillahi. Matata ta warke daga ciwon ƙafar nan, autana ya fara tafiya, yana ta fasa mana kofuna. Gaisuwar ke nan. Na ɗauki biro ne saboda duk sanda na kira ka sai ka ce kana taro, kuma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Kai ka zo hutu, ka tsaya a ƙofar masana'antarmu ka toshe hanci da hankici, ka ce murhun da marigayi Baba ya gina yana kashe mu. Ban musa ba. Ni nake shaƙar hayaƙin baƙin man nan kullum, ni nake kwana tari. Amma da shi muke narka alminiyam mu zuba tukwane, kuma da shi aka biya makarantar da ta mai da kai Injiniya. Ka ce akwai wata ƙungiya mai taimaka wa ƙananan masana'antu su sayi murhun lantarki marar hayaƙi, su biya rabi mu biya rabi. Sharaɗinsu shi ne a fara rushe tsohon, a aika musu hoto, sannan su saki kaya. Na ce a bari sabon ya kama aiki tukuna. Ka yi mini dariya, ka ce tunanin mutanen da can ne da ni. Da hannuna na ɗauki guduma, kai kana gefe kana ɗaukar hoto.

To, murhunka ya iso. Rabinmu ya lashe jarin sayen ƙarfe kaf, na cije na ce ba komai. Da mai haɗawa ya zo ya leƙa wayoyin wutarmu, sai ya riƙe baki. Ya ce waɗannan na ƙwan fitila da fanka ne. Wai murhun sai da taransifoma tasa shi kaɗai, da waya mai kauri, da sabon daɓen kankare, da tankin ruwa da famfon sanyaya shi. Da ya haɗa lissafin, ya fi kuɗin murhun kansa. Na je wurin ƙungiyar, wata yarinya ta ba ni ruwan sanyi ta ce su murhu kawai suke tallafawa. Haba Injiniya! Duk karatun nan naka ba ka san wannan ba? Ko ka sani ka yi shiru don hotonka ya fita da kyau? Da na same ka a waya, abin da ka iya ce mini shi ne nan da 'yan shekaru murhun zai mayar da kuɗinsa. Shekaru! 'Ya'yana da safe suke neman abin karyawa.

Yau murhun na nan cikin akwatinsa na katako, mage ta haihu a bayansa. Babban mai zubinmu, wanda ya fara aiki tun kana rarrafe, ya zo ya yi mini sallama yana share hawaye, ya koma wurin masu zuba tukwane na bayan tasha. 'Yan kasuwar da ke sarar kayanmu sun bi shi. Masu kawo tsofaffin gwangwanaye a baro yanzu wuce ƙofarmu suke yi ko sannu babu. Ka kai mu ka baro, ka koma ofishinka mai sanyi.

Ga abin da na yanke. Kafin ƙarshen wata, ko ka turo kuɗin taransifoma, ko ka ba ni izinin sayar da filinka na gado in yi aikin. In ba haka ba, wallahi bulo zan saya in sake gina irin na Baba, hayaƙi ya tashi, in ƙungiyar ta zo neman rabinta in nuna mata lambarka, tunda kai ka sa hannu. Kada ka sake aiko mini da bayanin iska mai tsabta, na ƙoshi.

Ka gai da matarka da yaran. Gwaggo da Kawu da ƙanwarmu suna gaishe ka. Mama ma tana gaishe ka. Ka san tagarta na kallon masana'antar, kuma yanzu ba ta iya fitowa. Kullum tana sa maka albarka, wai tunda ɗanta ya kawo sabon murhu ko ƙaurin hayaƙi ba ta ƙara ji ba. Na kasa faɗa mata dalili. Ranar Juma'a zan kai mata waya in kira ka, kai za ka faɗa mata da bakinka.

Ni ne,
Yayanka.