Abincin Kuliyoyi a Rahoton Jami'a

Daga:
Sakataren Ƙungiyar Mahautan Babbar Kasuwa,
a madadin mai Tebur na Tara.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Ɗa'ar Bincike,
Jami'a.

Litinin, 20 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RAHOTON INGANCIN NAMA DA HANA ASARARSA, DA ABIN DA YA JAWO WA TEBUR NA TARA

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ƙungiya na gabatar da ƙorafin ɗaya daga cikin dattawanta, wanda kasuwa ta sani da Baba Dogo. Shekararsa arba'in da ɗaya yana fawa, goma sha tara daga ciki shi ke kai nama kicin ɗin babban asibiti kowace safiya. Bai iya rubutu ba. Ya faɗa, an rubuta, an karanta masa, ya yarda, ban da wasu kalmomi da sakatare ya ga bai dace su isa ofishinka ba.

1. Ranar Talata, 5 ga Maris, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ɗalibai uku na Farfesan Sashen Kimiyyar Dabbobi suka shigo layin mahauta da fararen riguna da safar hannu. Duk wanda ya taɓa aiken cefane ya san naman kirki kan ƙare kafin azahar. Ga alama wannan bayani bai kai ga manhaja ba tukuna.

2. Ɗaliban sun nemi samfuri. Baba Dogo ya tambaye su ko na miya ne ko na gashi, don ya san inda zai sa wuƙa. Suka ce ba ci za a yi ba: niƙawa za a yi, a zuba magani, a duba, a zubar. Ya sake tambaya, suka sake tabbatarwa. Shi kuwa tun yana riƙe wa mahaifinsa ƙafar bijimi aka koya masa cewa ba a yanka cinya don juji. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo bokitin da yake tara jijiya da tantani da ɓarɓashin naman kan katako saboda kuliyoyin bayan mayanka, ya cika musu leda har ya ƙara. Suka yi godiya, suka liƙa lamba tara. Babu wanda ya tambayi wane sashe na sa ne wannan, domin fom ɗinsu ba shi da gurbin tambayar.

3. Mai gadin ƙofa ya shaida cewa kular da aka saka ledar ba ƙanƙara a cikinta, kuma motar ɗaliban ta yi awa biyu a rana ana neman direba.

4. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, aka gabatar da rahoton a babban zauren Jami'a. Shafi na 27 ya ce naman Tebur na Tara ne mafi tauri, mafi ƙarancin tsoka, mafi yawan ƙwayoyin cuta cikin tebur ashirin. Ƙungiya ba ta musanta ko ɗaya ba. Injin Jami'a ya auna bokitin kuliyoyi daidai wa daida. Shafi na 40 kuma ya yi kira ga mahauta da su koyi daina asarar nama, alhali ƙin asarar naman ne laifin da aka kama Baba Dogo yana aikatawa tun ranar 5 ga Maris.

5. A wannan taro an ci abincin rana. Mai dafa abincin ta sayi kilo talatin a Tebur na Tara da ƙarfe bakwai na safiyar ranar, kuma a shirye take ta faɗa a gaban kwamiti. Ta ce ko ƙashi bai dawo kicin da nama a jikinsa ba, kuma wani babban malami ya nemi a ƙunsa masa saura.

6. Uwargidan Farfesa, wadda Baba Dogo ke kira 'yata, shekara goma sha ɗaya tana sayen nama a wurinsa. Ta zo ranar Asabar da ta biyo bayan taron, ta ɗauki cinya kamar kullum, ta ce ya yi haƙuri, maigidan bai taɓa tambayar inda naman gidansa ke fitowa ba. Ƙungiya na taya Farfesa murnar ƙoshin lafiya.

7. Ranar Litinin, 13 ga Mayu, asibiti ya dakatar da Baba Dogo, ya kafa hujja da shafi na 27, ya kuma sanar cewa ranar Juma'a, 31 ga wata, zai ba wani mahauci aikin dindindin. Har yau yakan tashi da asuba ya ware kason asibiti a gefe, ya rufe da farin ƙyalle, sai rana ta ɗaga ya tuna. Yara a layi sun fara kiransa Shafi Ashirin da Bakwai.

Saboda haka Ƙungiya na roƙon kwamitinka, cikin ladabi, da ya sa a sake ɗaukar samfuri kafin 31 ga wata, da ƙarfe bakwai na safe, da ƙanƙara a kula. Mai ƙorafi zai yanka duk inda aka nuna da yatsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: abin da injin ya rage a dafa a ci.

Idan kuwa Jami'a ba ta da lokacin sabon gwaji, ya isa ta rubuta wa asibiti layi ɗaya cewa abin da ta auna abincin kuliyoyi ne. Su kuwa kuliyoyin, shekara arba'in da ɗaya ba su taɓa kawo ƙara ofishin Ƙungiya ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba girma da fahimta. A huta lafiya.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Sakataren Ƙungiyar Mahauta.

(dangwalen yatsa)
Baba Dogo, Tebur na Tara.

Kwafi zuwa ga: Shugaban Kicin, Babban Asibiti.